Tsakar Kan Dogo

Shekara ashirin da shida Mai-aski yana aske kan Dogo, kuma a cikinsu ya yi goma sha ɗaya yana yi masa ƙarya da madubi.

In ka tambaye shi zai ce maka ba wata babbar ƙarya ba ce, duk mai sana'ar ya san ta. Idan an gama aski an kakkaɓe wuya da burushi, akan ɗauko ƙaramin madubin hannu a riƙe ta baya, don mutum ya hango ƙeyarsa a babban madubin bango. To shi Mai-aski yakan ɗan sunkuyar da nasa ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu. Dogo sai ya ga ƙeya baƙa wuluk, gashi cunkus, layi ya fita tsaf, ya gyaɗa kai ya ce madalla. Abin da ke sama da nan kuwa, wato tsakar kai inda gashi ya yi ta sirancewa har fata ta fito tana shan iska, bai taɓa shiga madubin ba.

Tsawon Dogo ne ya rufa wa ƙaryar asiri. Malamin lissafi ne a sakandare, kuma babu ƙofar da yake shiga bai rusuna ba, saboda haka ba mai ganin saman kansa sai wanda ya zaunar da shi. Matarsa Auta, wadda ƙanwar Mai-aski ce uwa ɗaya uba ɗaya, da ƙyar ta kai masa hammata. Ta sani sarai, tunda ita ke kakkaɓe matashin kai, amma ta ce ba a bakinta za a ji ba. 'Yan ajinsa ma sun sani, don yakan sunkuya ya duba musu aiki, sai dai babu ɗalibin da zai yi gigin gaya wa mai riƙe da makinsa cewa kansa na ƙyalli. Shi kansa in ya kai hannu yakan taɓo 'yan silin da suka rage a gefen wurin, ya ce a ransa gashin ne ya yi laushi.

Wata Talata da hantsi sai ga Dogo a bakin shago. Shi ba ya zuwa sai Asabar, ƙarfe goma, da jarida a hammata. Ranar babu jarida, kuma bai zauna a benci ba. Mai-aski yana tsakiyar gyara wa wani tsoho gemu.

“Na je babban kantin nan sayen ƙwan fitila,” in ji Dogo, ko gaisuwa babu. “Akwai talabijin a saman kantar biyan kuɗi, irin mai nuna masu shiga da fita daga sama. Ina kan layi sai na hango wani bawan Allah dogo, da fili a tsakar kansa kamar farantin shayi. Har na yi masa dariya a raina. Sai na ɗaga hannu zan sosa kunne, shi ma ya ɗaga.”

“Ai fitilun kantin nan ba su da kirki,” in ji Mai-aski. “Kowa suka haska sai sun...”

“Malam Mai-aski, tun yaushe?”

Mai-aski ya tsayar da almakashi. Tun ranar da Dogo ya auri Auta yake kiransa Suruki, da wasa da gaske, a gida da kan titi. Wannan Malam ɗin bai taɓa jin sa daga bakinsa ba.

“Ya ɗan kwana biyu.”

“Ni lissafi nake koyarwa. Ba ni lamba.”

“Goma sha ɗaya.”

“Wata?”

Mai-aski ya duƙufa kan gemun tsoho kamar a ciki aka ɓoye amsar. Dogo ya tsaya ya ƙara masa kallo ɗaya, ya rusuna ya fita. Tsohon, wanda ya ji komai da rabin gemu, ya nemi a ba shi ƙaramin madubin ya riƙe da kansa.

Asabar shida suka wuce babu Dogo. Duk ƙarfe goma sai Mai-aski ya tsinci ƙafarsa tana taka fedar kujera tana sauke ta har ƙasa, don ba mai buƙatar a sauke ta haka sai mutum ɗaya. Sau ɗaya ya hango shi a tsallaken titi da sabon aski na wani hannu, gefen hagu ya fi na dama tsawo, kuma an ci masa layin goshi. Abin ya yi masa ciwo kamar an zagi gidansu. Masu aski suna da yawan abokan hira, amma shi in aka tace aka rairaye aboki ɗaya gare shi, tun suna zama benci ɗaya a aji uku. Tsoron da ke cin sa shi ne ya rasa shi a kan faɗin yatsa biyu.

A mako na bakwai Auta ta shigo shagon, ta zauna a kujerar aski kamar mai jiran layi, ta ɗora jakarta a cinya.

“Yaya, mutuminka dashen gashi zai yi.”

“Dashe kuma? Sai ka ce gonar albasa.”

“Ni ma haka na ce, ya yi kwana biyu bai kula ni ba. Ya karanta duk abin da aka rubuta a kan abin, har jadawali ya zana. Mun je wurin wata likita. Ta ce tana son hoton tsakar kansa na da, kafin wurin ya share. Wallahi Yaya mun zazzage akwati uku. Duk hoton da aka taɓa ɗaukar mutumin nan daga ƙasa aka ɗauka, ba ka ganin komai sai haɓa da kofofin hanci.”

Mai-aski ya so ya yi dariya, ya danne.

“Sai Likita ta ce to wa ya san kan nan? Ya ce babu. Na ce akwai. Ya ce in gaya maka ba shi ya kira ka ba, Likita ce. Alhamis ƙarfe biyu. Kuma don Allah ka sa rigar kirki, ba wannan mai gashin mutane ba.”

Ɗakin Likita fes yake, da kujera irin ta masu cire haƙori a tsakiya da wata fitila mai dogon wuya. Likitar gajeriya ce mai tabarau, ko da Dogo ya zauna sai da ta jawo ɗan matakala ta hau. Ta gaisa da Mai-aski, Dogo kuwa ya zuba wa bango ido.

Ta yi bayani a taƙaice, don wanda za a yi wa aikin ya riga ya haddace. Daga ƙeya za a ciro saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya, a kai tsakar kai a dasa. Abin da aka cire daga ƙeya ba ya dawowa, saboda haka ba a ɗiba da ganganci.

“Shi ya sa nake son sanin tafiyar sanƙon,” in ji ta. “In har yanzu gudu yake, zan dasa yau, nan da shekara uku ya buɗe sabon fili a kewaye, ya bar masa tsibiri. Malam, an ce kai ka san tarihin.”

Mai-aski ya gyara murya. Ya zaga bayan kujerar, wurin tsayuwarsa na kullum.

“Ya fara ne shekarar da mahaifinsa ya rasu. Nan daidai, kamar maɓallin riga. Ya zo aski kwana huɗu da rasuwar, idonsa jawur. Na ga wurin, na ce ba yau ba.” Ya kewaya da yatsa. “Shekara na zagayowa ya kai murfin kwalba. Lokacin Auta na da cikin 'yan biyu, kullum suna hanyar asibiti, ba ya ko iya karanta jaridar da ya riƙo. Na ce ba yau ba. Shekara ta huɗu ya kai bakin kofi. A watan aka ba shi shugaban sashe, ya shigo yana ta washe baki, na ce yau kuma ba ranar ɓata wa mutum rai ba ce.”

“Ba a rasa rana ɗaya ta tsaka-tsaki ba a shekara goma sha ɗaya,” in ji Dogo, har yanzu da bango yake magana.

“An samu da yawa. Amma a lokacin in na faɗa, sai na faɗi abin da ya hana ni faɗa tun farko. Kunya ta kama ni, kullum kuma ƙaruwa take yi tare da filin.”

Auta ta buɗe jakarta tana neman abin da ba ta ajiye ba.

“Yanzu fa?” in ji Likita.

“Shekara uku ke nan bai motsa ba. Na auna da mataji, haƙori goma sha tara, nan ya tsaya.”

“To wannan labari ne mai daɗi. Da an zo da wuri, watakila magani ya riƙe wani abu daga ciki.”

“A rubuta wannan,” in ji Dogo.

“Ba sai an rubuta ba, ya ji,” in ji Likita. Ta ciro alƙalami mai shuɗin tawada. “Saura abu ɗaya. Gashin kowa yana da cibiya a tsakar kai, inda yake kewayawa kamar ruwa a bakin magudanar baho. Ta wajen gefe ina da tsohon gashi da zai nuna min hanya. Amma tsakiyar ta share tas, ba ko sili. Kowace saiwa yadda na kwantar da ita haka za ta fito har abada. Ina cibiyarsa take, kuma ta ina take juyawa?”

Nan fa aka zo gidan Mai-aski. Ya karɓi alƙalamin kamar ana miƙa masa kilifarsa ta aski.

“Ba a tsakiya take ba. Ta ɗan karkata dama, yatsa ɗaya da rabi. Nan.” Ya ɗiga tawada.

“Juyin fa?”

Ya rufe ido. Bai tsaya tunani ba, don tunani ba shi ne ya yi shekara ashirin da shida a kan nan ba, hannu ne. Ya saki hannun ya bi hanyar da ya saba bi duk Asabar, daga ɗigon ya lanƙwaso, ya zagayo, ya fita. Ya buɗe ido ya sa wa kowane layi kan kibiya. Zanen ya fito kamar fure, har Likita ta ɗauke shi hoto ta ce ba ta taɓa samun shaida irin wannan ba.

Da suka fito farfajiya Mai-aski ya nufi bakin titi zai tari mota. Dogo ya buɗe tasa, ya tura kujera baya har ƙarshe, ya naɗe ƙafafunsa ya shiga. Sai ya sauke gilashi.

“Suruki, rana ta yi zafi. Shigo mu sauke ka.”

Mai-aski ya shiga baya ya zauna, yana kallon shuɗin furensa a kan da ke gogar rufin mota. Daɗi ya cika shi har ya rasa abin cewa, sai ya ce motar tana buƙatar wanki.

An yi aikin ranar wata Litinin, tun safe har la'asar. Saiwa dubu biyu da ɗari huɗu, Dogo ya tabbatar da lambar da bakinsa, ya kuma nemi a nuna masa yadda aka ƙirga. Ya koma gida da bandeji a ƙeya da ɗigo-ɗigon ja a tsakar kai. Kwana uku goshinsa ya kumbura, kumburin ya gangaro ido, har 'yan biyu suka ƙi shiga falo sai da ya yi magana suka gane muryar. An hana shi hula, an hana shi sunkuyawa, an hana shi sosawa, kuma barci sai a kishingiɗe da matashi uku.

Wankin kai ne ya gagari Auta. An ce a zuba ruwa da kofi a hankali, a ɗora kumfa kamar ana ajiye ƙwai, ita kuwa tsoron taɓa wurin take yi. Saboda haka duk safiya kafin ya buɗe shago Mai-aski yakan biyo, Dogo ya zauna a kan bokitin da aka kife a banɗaki da tawul a kafaɗa, shi kuma ya tsaya a baya yana tsiyaya ruwa. A nan hira ta dawo. Suka koma musun ƙwallo daga inda suka tsaya.

“Na yafe,” in ji Dogo a safiya ta biyar, ruwa na bin kunnensa. “Amma da sharaɗi. Duk abin da ka gani a kan nan, ka faɗa. Ni ba na ganin wurin. Kai ne idona.”

“An gama,” in ji Mai-aski, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

A rana ta tara wani direban bas ya zauna a kujerarsa, mutum mai gashi kamar burushin wanke taya. Mai-aski ya gama gefe, ya hau tsakar kai, yana 'yar waƙarsa. Ya kai cibiya, hannu ya lanƙwaso ya zagayo yadda ya saba. Sai idonsa ya faɗa kan abin da ya yi shekara da shekaru yana gani bai taɓa kallo ba. Gashin direban ya kwanta ta dama, kilifa kuwa ta hagu take tafiya. Dole ne ma. Kilifa ba ta bin gashi, tarar sa take yi gaba da gaba ta tashe shi sannan ta yanke. In ka bi kwanciyarsa ba abin da za ta ci.

Ya kashe injin.

“Wuta ce ta ɗauke?” in ji direba.

“A'a. Ina zuwa.”

Ya ɗauki biro ya zana da'ira a bayan wata tsohuwar jarida, ya rufe ido ya saki hannu, ya buɗe ya duba. Ya sake. Ya juya jaridar ya sake. Duk sau ukun amsa ɗaya ce. Abin da ya zana wa Likita hanyar kilifa ce, ba hanyar gashi ba. Ya ba ta cibiyar Dogo a juye, ita kuma ta bi zanen da aminci, saiwa bayan saiwa. Direban ya fita ranar da aski mafi muni da aka taɓa yi a shagon, ya kuma yi godiya, don shi ma ba ya ganin bayansa.

Washegari ya tafi da niyyar faɗa. Ya tarar da Dogo yana murna an ce ɓawon wurin ya fara saki, kuma daga jibi zai iya kwanciya kamar mutane. Ya ce bari a bar shi ya yi barcin kirki tukuna.

A mako na uku ya sake ɗaura niyya. Ya tarar da Dogo a falo da ambulan a hannu, fuska a murtuke. Gashin da aka dasa ya fara zuba, yana tsince shi daga matashi yana tarawa. Likita ta gaya masa tun farko cewa haka zai faru, silin ne ke faɗuwa saiwar tana nan, shi ma ya rubuta a jadawalinsa da jan biro, amma karantawa daban gani daban.

“Ɗari da sittin da biyu tun jiya,” in ji Dogo. “Suruki, duba min, akwai saura?”

Mai-aski ya duba ya ce akwai saura, wanda gaskiya ne. Sauran maganar ya koma da ita shago.

A wata na huɗu ƙananan baƙaƙen tsiro suka ɓullo, Dogo ya sa Auta ta hau kujera ta ɗauki hoto duk ranar Juma'a, yana jera su a waya yana nuna wa duk wanda ya yi kuskuren tambayar lafiyarsa. Mai-aski ya buɗe baki, ya ji kalmomin da suka taso masa, ya gane su. Su ne dai na da, “ba yau ba”, ba ko canjin riga. Ya ji haushin kansa ƙwarai, amma haushin bai buɗe masa baki ba. Ya koma lallashin zuciyarsa cewa watakila gashi ba ya karanta kibiya, in ya fito ya ga 'yan'uwansa sun yi dama shi ma ya bi su.

Gashi ya karanta kibiya. A wata na bakwai Auta ta leƙo shago ta ce, “Yaya, ka lura da wani ɗan tukku da ya miƙe wa mutuminka a sama? Ni da nake ƙasa ma ina hango shi. Na sa mai, na sa ruwa, na danne da tafi, ina ɗagawa yake tashi.”

“Shi me ya ce?”

“Ya ce ƙarfin sabon gashi ne. Likita ma ta ce kowane kai da halinsa, in ya ƙara tsawo mai aski zai san yadda zai yi da shi.”

Wato dai babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai taɓa sani. Babu hoton wurin na da, shaida shi kaɗai ne. Almakashi biyu duk Asabar sun isa su kwantar da maganar har ƙarshen rayuwa.

A wata na tara Likita ta ba da izinin cikakken aski. Asabar ƙarfe goma Dogo ya rusuna ya shigo da jarida a hammata, ya zauna, kujera ta sauka har ƙasa. Mai-aski ya yafa masa zane ya ɗaure a wuya, ya zaga baya.

Aikin ya yi kyau, wannan ba musu. Inda farantin shayi yake da, yanzu gashi ne baƙi, bai kai na ƙeya cika ba amma fata ta ɓuya. Cibiyar tana nan yatsa ɗaya da rabi ta dama, tana juyawa tsaf, ta hanyar da ba ta taɓa bi ba tun da aka haifi mai kan. Inda sabon gashi ya yi karo da tsoho kuwa sun tokare juna, ba mai ba wani hanya, suka miƙe tare suka yi tukku kamar na ɗan tsako.

“Likita na gaishe ka,” in ji Dogo yana buɗe jarida. “Ta ce hoton zanenka take nuna wa masu koyon aiki. Ka ga ɗan abin nan da ya tashi? Daidaita min shi.”

Mai-aski ya ɗauki almakashi. Ya kama tukkun tsakanin yatsu biyu, ya ji taurinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya sake shi, ya ajiye almakashin a kan tebur.

“Dogo, ba ƙarfin gashi ba ne. Ni ne.”

Ya faɗa duka, a tsaye a bayansa, suna kallon juna ta madubin bango. Ya ɗauki kilifa a kashe ya nuna yadda take tarar gashi, ya nuna yadda hannunsa ya bi a ɗakin Likita. Dogo ya naɗe jaridar a hankali, gida huɗu.

“Wato ka sauya alama,” in ji shi. “Inda ƙari yake ka sa ragi.”

“Haka ne.”

“Ba a gyarawa?”

“Yadda aka kwantar da saiwa haka za ta zauna. Kai ma ka ji.”

“Yaushe ka gane?”

“Kwana tara da yin aikin.”

“Kwana huɗu ke nan bayan ka ce min an gama.”

Mai-aski ya gyaɗa kai, don lissafin daidai ne. Dogo ya miƙe da zanen a wuyansa, ya rusuna ya fita. Ya tsaya a bakin titi ya ba shago baya, zanen na kaɗawa, tukkun a tsaye cak, masu wucewa suna ɗaga kai suna kallo. Mai-aski ya zauna a benci inda masu jira ke zama. Ya san a wannan karon babu likitar da za ta aiko a kira shi.

Motoci da yawa sun wuce kafin inuwa ta rufe ƙofa. Dogo ya shigo ya tsaya a kansa.

“Da ka yi shiru ka datse shi, da ban taɓa sani ba.”

“Da ba ka sani ba.”

“To me ya sa?”

“Na gaji da kallon kanka ni kaɗai.”

Dogo ya kalle shi. Ya ja dogon numfashi, ya koma kan kujera ya zauna, ya gyara zanen a gwiwa.

“Daga shekara goma sha ɗaya zuwa wata tara,” in ji shi. “Da ɗalibina ne sai in rubuta masa ya fara ƙoƙari, amma iyaye su sa ido. Tashi ka yi aikinka, Suruki. Rabin kan nan ya yi gabas rabi ya yi yamma, in na kai wa wani sai ya ɓata a hanya.”

Mai-aski ya tashi. Ya goge ido da gefen hannu, ya ce hodar nan ce ta shiga masa. Ya sake ɗaukar almakashi ya kai hannu sama.

“Kar ka taɓa shi,” in ji Dogo.

“Ai zai yi ta tsayuwa. Yara za su sa maka suna.”

“Su sa. Duba nan.” Ya nuna babban madubin da haɓa. Daga inda yake zaune, ba tare da ya juya ko ya roƙi kowa ba, ɗan tukkun ya leƙo ta saman kansa. “Tunda nake ban taɓa ganin wani abu na wurin nan da idona ba sai shi. Rage masa kaɗan in ya yi yawa, amma ka bar min inda zan riƙa hangowa.”

Mai-aski ya kunna kilifa ya fara daga ƙeya. Ya tafi a hankali. Da ya iso tsakar kai ya tsaya ya duba kwanciyar kowane ɓangare da ido a buɗe, ya aske tsohon ta hanyarsa, sabon ta tasa, ya kewaye tukkun ya bar shi a tsaye.